Yadda Na Hana Iya Tabawa Dama Koko

Ko me zan manta a aikina, ba zan taɓa mantawa da satin da na dawo gida Madabo daga ƙasar waje ba. Aikina bin sawun cuta ne, in gano inda ta faro da yadda take yaɗuwa. Na yi shekaru ina yi a ƙasashen mutane, har na soma jin babu kamata. Umma ta yi mini walima ranar Asabar, washegari gudawa da amai suka ɓarke a layinmu. Allah Ya gani, har wani daɗi na ji, ga damar nuna wa unguwa abin da na karanto.

Na buga takardar tambayoyi na shiga gida-gida (har da safar hannu, a gidajen da na tashi ina cin tuwonsu). Duk mara lafiyar da na tambaya ko ta je wani taro a satin, sai ta ce a'a. Me ta karya da shi? Kokon Iya Tabawa. Tsohuwa ce da take dama koko a bakin lungu tun ban san kaina ba, da shi take ciyar da jikokinta. Ban yi wata-wata ba na kai wa mai unguwa rahoto, aka ce ta dakata. Kwana uku ba ta hura wuta ba, magana kuma ta zaga cewa kokonta ne yake kwantar da mutane.

Rana ta huɗu aka taru a zauren mai unguwa. Na baje taswirar layin, ina bayani ina jefa Turanci. Iya ta bari na gama tsaf.

"Likita, ni ban yi boko ba," in ji ta. "Amma masu lafiyar, kokon wa suke sha?"

Kowa nata yake sha, har mai unguwa, har ni. Tambayar da ake koya wa ɗalibi a shekarar farko ke nan, ni kuwa ban tambayi mai lafiya ko ɗaya ba. Iya ba ta ɗaga murya ba, ta ƙara da cewa ita dai ta lura gidajen da aka kwanta su ne waɗanda aka aika wa kunun ayar walima.

Nan na gano kuskurena. Na manta a cikin gari wadda ba ta samu zuwa taro ba, rabonta har gida ake kai mata. Kunun nan ni na haɗa shi da hannuna. Umma ta ce a aika tun da safe, na ce a bari sai baƙi sun watse, ya wuni cikin zafi ba ƙanƙara. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Na sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, ba safar hannu, ina wanke Iya ina ba da haƙuri. Da na durƙusa a gabanta, koko ta zuba mini ta ce, "Sha abinki 'yar nan, na bincika."

Yau ɗalibai nake koyarwa. Kafin in bar ɗalibi ya zargi tukunyar wani, sai na tambaye shi me ya fita daga gidansu.