Ranar da Muryata Ta Danne Ta Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da washegarin babbar Sallar nan ba, ko da kuwa kowa a gidanmu na Kurfi ya yarda ya manta (ba su yarda ba). Abin ya faro ne ranar da kakata Hajiya ta buɗe tsohuwar adakarta, ta zaro wani kaset ɗin bidiyo yana ƙamshin turaren wuta. Na walimar dawowar marigayi kakanmu Alhaji daga Makka ne. Ta ce ita ba hoton ne ya dame ta ba, addu'ar da ya yi a ƙarshe take son ta ƙara ji, don muryarsa ta fara ɓace mata. Ni kuwa a lokacin na kwashe wata biyu ina koyon harkar juya kaset zuwa kwamfuta a waya, ina jin kaina injiniya. Na ce ta bar min komai.

Bari in ɗan yi muku bayani, don abin akwai daɗi. Ƙananan kaset na kyamarar zamani, bidiyonsu ya riga ya zama irin wanda kwamfuta ke ganewa, waya kawai suke so, sai dai irin wayar da kwamfutocin yanzu ba su da raminta. Shi kuwa tsohon babban kaset, sai an sa wata 'yar na'ura tsakanin bidiyon da kwamfuta. Ita na je nema a wani shago a Dutsin-Ma.

Mai shagon ya fito da guda biyu. Ɗaya baki uku gare ta, rawaya da fari da ja, ɗayar kuma rawaya kaɗai. Ya fara ce min fari da ja na sauti ne, na katse shi, na ce Malam na san aikina. Na ɗauki mai baki ɗaya saboda ta fi kyau a ido. Ya dube ni, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Na aro bidiyo wurin wani mai gyara, na haɗa da talabijin da kwamfuta. Na gwada minti ɗaya, ga hoto ga sauti. Ashe sautin nan daga talabijin yake fitowa, kwamfutar tana ɗauka da kunnenta, tare da duk abin da ya motsa a ɗakin. Kaset kuma ba a yi masa sauri, sai ka zauna ya ƙare. Awa biyu ina zaune ni kaɗai da kwanon gyaɗa, kuma ni mutum ne da ba ya iya kallo shiru.

Ranar nunawa, wato washegarin Sallar, aka shimfiɗa tabarmi a ɗakin Hajiya, har danginmu na Tamawa sun zo. Na yi jawabi (eh, har jawabi na yi). Na danna.

Da farko lafiya. Sai aka fara jin wani ƙurus-ƙurus. Kawu Sale, ƙanen babana, ya ce kaset ya tsufa. Ni na san gyaɗata ce. Can sai ga Kawun a hoto yana saurayi, gaban tiren nama, sai muryata ta fito tangaram:

"Kai, Kawu Sale, tun wannan lokacin? Na uku ke nan fa ka sa a aljihu."

Ɗakin ya fashe da dariya. Na kai hannu zan kashe, Kawu ya riƙe min wuyan riga, ya ce a bari mu ji sauran tafsirin. Aka ji na ce ɗaurin ɗankwalin Goggo Ladi kamar an kifa mata masaki. Aka ji na rera waƙa. Aka ji na yi gyatsa, na yi hamdala.

Da aka zo wurin addu'ar, Hajiya ta gyara zama, ta ɗaga hannu a yi shiru. Alhaji ya buɗe baki. Abin da aka ji shi ne ni, ina waya da mai gyaran bidiyo, ina gaya masa nan da shekara ɗaya duk Katsina ba mai kama ƙafata a wannan aiki.

Hajiya ta juyo ta dube ni, idonta da ƙwallar dariya. "To mijin," ta ce, "tsohon ya yi shiru, sabon ya karɓe. Amma ni tsohon nake so."

Washegari na koma Dutsin-Ma. Mai shagon bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mai baki uku. Na sake aikin bakina a rufe, na saurara daga farko har ƙarshe. Da Hajiya ta ji addu'ar, ta shafa, ta ce a maido, har sau huɗu.

Na farkon ne dai ke yawo a wayoyin dangi, kuma Kawu ke turawa. Abin da na koya: in mai shago ya fara magana a kan fari da ja, bar shi ya ƙarasa. Ku fa, wane aikin gwaninta ne ya taɓa tona muku asiri gaban dangi? Ku faɗa, kada a bar ni ni kaɗai.