Sabon Kati, Tsohon Hannu

Wani ne a cikinmu, mu masu buga ƙwallo a kwamfuta. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna gaisawa. Magidanci ne, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma duk Asabar da rana sai ya tara mu a falonsa, ƙanin matarsa da ake kira Auta ya zo ya lallasa shi a gabanmu. Mu ma ba mu da bakin dariya sosai, don Autan nan duk ya bi ta kanmu. Sai dai mu in an ci mu shiru muke yi. Shi kuwa bai taɓa yarda an ci shi ba. Kullum laifin katin hoto ne, wato abin nan da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke zana duk abin da ake gani a allo.

"Kun gani ko? Na danna, bai buga ba! Katin nan ya tsufa. Kafin ya gama zana ƙwallon ta riga ta shiga raga."

Auta ya ce, "Yaya, ai kati ɗaya ke yi mana aiki ni da kai."

"Ɓangarena ya fi tsufa."

Ana cikin haka firij ɗin gidan ya mutu, ya yi wa matar alkawarin sabo. Ran nan sai ga shi ya shigo da ɗan kwali a hammata yana murmushi.

Ta ce, "Baban yara, firij ɗin ne haka ya ƙanƙance?"

"Sabon kati ne. Fanka uku gare shi, shi ma yana sanyi."

Ta dube shi, ta dubi kwalin. "To ka saurara. Ranar Asabar in Auta ya ci ka da sabon katin nan, da shi da kwamfutar duk kasuwa za su, a dawo mini da firij."

"In ni na ci shi fa?"

"In sha ruwan ɗumi har baɗi, ba za ka ji bakina ba."

Ya ce ya yarda, mu shaida. Ya kwashi kwamfuta da kwali ya kai wa mai gyara. Ranar Asabar da safe ya koma, ya tarar mai gyara ya fita, kwamfutar na kan tebur a rufe tsaf. Bai tambayi kowa ba, ya ce wa maƙwabcin shagon, "Tawa ce," ya ɗora a kafaɗa sai gida.

Muka hallara. Ya kunna. Da, in an kunna ta, sai ka ce injin niƙa. Yau shiru.

"Kun ji? Haka na zamani suke, ba sa surutu." Ya buɗe wasa, ya matsa kusa da allo. "Kai! Ku dubi ciyawa! Wancan tsohon katin ai tabarma yake shimfiɗa mana. Dubi gumi a goshin gola! Da kuwa 'yan wasa kamar da gatari aka sassaƙa su."

Mu ma muka matso. Wa zai yarda a ce shi kaɗai ne baƙauye? Wani ya ce launin ya fi zurfi. Wani ya tara hannu a bayan kwamfutar ya ce har iskar da take fitarwa daban ce. Ni da ke ba ku labarin nan, da bakina na rantse ina ganin igiyar takalmin alƙalin wasa.

Auta ya ƙura ido ya ce, "Ni fa ban ga wani bambanci ba."

Muka yi masa caa. "Idonka bai saba da abu mai kyau ba!"

Aka take wasa. Abin mamaki, daf da tashi ƙwallo ta bugi ƙeyar ɗan wasan mutumin namu, ta gangara ta shige raga. Ya ci Auta! Ya yar da hannun wasan, ya zagaye falo a guje, ya leƙa kicin.

"Maman yara, ɗora ruwan ɗuminki! Na gaya muku katin ne!"

Sai aka yi sallama. Mai gyara ne, da kwali biyu a hannu.

"Yallaɓai, ka ɗauke kwamfuta ba ka jira ni ba. Sabon katin ya fi ƙarfin abin ba da wutar da ke cikinta, shi na fita nema. Ga su nan duka."

"Duka me?"

"Abin wutar da katin."

"To me ke ciki yanzu?"

"Tsohon mana. Ƙura kawai na hure masa."

Na saci kallon alƙalin wasan nan. Ko ƙafar kirki ba shi da ita, balle igiyar takalmi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Mutumin ya gyara murya. "To, ci dai ci ne."

Matar ta fito tana goge hannu. "A kan sabon kati muka yi alkawari. Mai gyara, bismillah."

Nan take aka kwance, aka soka sabon, aka kunna. Gaskiya wannan karon akwai bambanci, ciyawa ta zama ciyawa, mutane suka zama mutane. Amma ba wanda ya yaba, don mun riga mun ƙarar da yabon a kan tsohon.

Auta ya gyara zama. Ya zura ta farko, ya zura ta biyu, daga nan muka daina lissafi don zumunci. Duk wadda ta shiga sai allo ya maimaita ta a hankali, raga na girgiza, gola na kwance, ɓacin ran fuskarsa ya fito tar.

"Katin nan ya cika sauri! Kafin in danna ya riga ya wuce!"

Auta ya ce, "Ɓangarenka kawai, Yaya?"

Aka tashi. Mai gyara ya fara naɗe wayoyi, don ya ce yana da mai saye. Mutumin ya bi kwamfutarsa da ido kamar ana raka ɗa tasha. Ya juya wurin matar, murya ƙasa-ƙasa.

"Amma tsakani da Allah, Maman yara, kin dai ga bambanci tsakanin tsohon da sabon, ko?"

Ta ce, "Sosai ma. Da sai Auta ya gaya mini an ci ka. Yau daga kicin na gani da idona, har da maimaici."