Umarar Inna da Baƙuwar Lamba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da abin da na jawo wa mahaifiyata shekarar da za ta tafi Umara. Ni mutum ne mai zargi, wannan kowa a layin 'yan hatsi na kasuwar Batsari ya sani. Kuma ban ga laifina ba. A yankinmu ba a faɗin ranar tafiya, ko Safana za ka sai ka ce za ka zagaya bayan gida. Wanda aka ji zai kai uwarsa Makka kuwa, an san akwai abin nema a gidansu, kuma masu kai wa mutanen daji labari ba a goshi aka rubuta musu ba.

Inna ta daɗe tana burin ganin Ka'aba, ga ƙafa ta fara ba ta matsala. Sai na kai ta wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Katsina, na wani Alhaji Mannir. Tun a ofishin hankalina bai kwanta ba. Sunan unguwa, lambar waya, waye magajinta, me nake sayarwa (me ya haɗa gero da jirgin sama, fisabilillahi?). Na dai amsa ina hararar kowa.

Ana nan wata safiya sai ga kira da baƙuwar lamba. Wata murya ta ce, “Kai ne ɗan Hajiya Rabi? An matso da tashinsu. Tana gida yanzu? Kwatanta mini ƙofar gidan, gobe da sassafe motarmu za ta zo ɗaukarta.”

Tana gida? In kwatanta ƙofa? Na ce a raina, yau kun haɗu da wanda ya fi ku wayo. Na sassauta murya na ce, “Ayya, ai Hajiya ta rasu jiya.” Ya yi salati, na kashe wayar, na toshe lambar. Lambar ofishin tana cikin wayata fa, amma ban kira ba, don na riga na yanke hukuncin daga can aka sayar da mu. Wallahi har daɗi na ji, na sayi tsire na ci.

Ranar Juma'a Kawu Sale, ƙanin Inna, ya zo daga Safana yi mata bankwana. Muna zaune a tabarma da maƙwabta bayan an sauko daga masallaci, sai ga mota ta tsaya. Alhaji Mannir ne da mutum biyu, fuska ba walwala. Suka cire takalma, suka zauna, ya ɗaga hannu.

“Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa niyyarta ta zama cikar ibada.”

Maƙwabta suka shafa, don an saba shafawa kafin a tambaya. Kawu Sale ne ya ce, “Alhaji, wace Hajiyar?”

Ni dai na kafa wa tabarma ido kamar yau na fara ganinta. Kafin a ba shi amsa sai ga Inna ta leƙo daga zaure da ƙwaryar fura, ta ji an yi baƙi. “A'a, Alhaji Mannir ne? Sannu da zuwa. Yaushe ne tafiyar tamu?”

Ɗaya daga cikin baƙin (ashe shi ne sabon ma'aikacin da ya kira ni) ya miƙe zumbur, har ya taka hular Kawu. Alhaji Mannir ya dube ta, ya dube ni, ya ce a hankali, “Hajiya, jirginku ya tashi shekaranjiya. Ɗanki ya ce mana kin rasu, muka soke kujerarki.”

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Inna ta ajiye ƙwaryar. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ranar ma ba ta faɗa ba. Kawu ta kalla ta ce, “Sale, tambaye shi a wace maƙabarta ya kai ni, in san inda nake.” Ta juya ta shige, ina jin ta tana jan hanci.

Alhaji Mannir ya yi ƙoƙari, ya sama mata wuri a rukuni na gaba. Amma kafin lokacin ƙafar ta ƙara tsanani, a keken guragu aka yi mata ɗawafi, ita da ta so ta taka da ƙafarta. Kuma lambar Kawu ta sa aka rubuta a ofis, ba tawa ba.

Har yanzu ina zargin mutane, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai yanzu in baƙuwar lamba ta tambaye ni wani nawa, cewa nake yi ya fita unguwa. Wanda ya fita unguwa dai yana iya dawowa ba tare da an zo gaisuwa ba.