Muƙamuƙin Ammu Shahata Ya Je Turai

Jiya na raka maƙwabcina Ammu Shahata asibiti mu karɓo hoton muƙamuƙinsa, ba mu dawo da komai ba sai ciwon ƙafa.

Shi ne mai sayar da dafaffen wake a bakin layinmu. Shekara talatin muryarsa ke tashinmu da safe, yanzu kuncinsa na hagu ya kumbura, romo kawai yake iya kurɓa. Wata huɗu ya yi yana jiran layi kafin a tura shi cikin na'urar nan mai kama da tanderu. Likitan tiyata ya duba hoton, ya ce ƙari ne ke cin ƙashin, gara a cire da wuri. Sai ya ƙara da cewa irin wannan ƙarin, a tara mutum miliyan ba a samu biyu ba.

Maganar ta kai kunnen Mai Girma Shugaban Asibiti, wanda ake yi wa laƙabi da Basha, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Ya ce a ara masa hoton na kwana biyu.

Da muka je jiya, na ce wa akawun asibitin, "Ranka ya daɗe, ina hoton bawan Allahn nan? Likita ya ce ba zai yanka ba sai da shi."

"Yana Turai, Ustaz. Basha ya tafi da shi taron likitoci."

"To a wanko wani mana."

"Na'urar ta goge shi tuni."

Ammu Shahata ya yi magana ta gefen baki: "Ni ko Iskandariya da ke nan ƙasarmu ban taɓa zuwa ba."

Akawu ya ce, "Ai sai ka gode Allah, Ammu! Har tafi aka yi wa ƙashinka, Basha ya ciyo lambar yabo."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tambayi ranar da hoton zai dawo.

"Ko ya dawo ya tsufa, ƙarin ya girma. Sai sabo. Ga lamba, ku dawo bayan wata huɗu. Basha ma ya ce a ajiye masa shi, akwai wani taron baɗi."

Wallahi raina ya ɓaci. A mota Ammu Shahata ya dafe kunci ya ce, "Ustaz, kai da ka yi karatu, ƙashin nan zai kai wata huɗu?"

Ni dai shawarata, ranar da aka ɗauki sabon hoton, Ammu Shahata ya lanƙwashe ya shige cikin ambulan ɗin takardar da za a saka hoton. Tunda hoto ake kai wa likitoci, ƙila a yi kuskure a kai mai ciwon.