Ranar da Na Saukar da Ƙanƙara a Yelwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na saukar da ƙanƙara a Yelwa ba, ana tsakiyar zafin bazara.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga karatun kwamfuta ba, ina ji da kaina. Kawuna, shugaban masu jiragen ruwan da ke kai mutane kasuwar Wara, ya sa na yi wa ƙungiyarsu shafin intanet. Na ga hotunan jirage kaɗai ba za su nuna gwanintata ba, sai na haɗa shafin da abin da ake kira API. Kamar ɗan aike yake: shafinka ya tura shi wurin masu hasashen yanayi, ya karɓo amsa ya kawo. Kawu kuwa ya bi bakin ruwa yana shela cewa ɗan ƙanwarsa zai riƙa faɗa musu zuwan iska tun kafin ta taso. Ya ɗora mutuncinsa kacokan a kaina.

(Na gwada abin, na ga rubutu ya fito, ban tsaya karantawa ba. Ina saurin kai babbar rigata wurin mai guga.)

Ranar buɗewa dattawa suka cika rumfa, kowa na fifita da hularsa. Na gyara murya, na danna, na fassara abin da na gani da ƙarfi: "Yau za a yi dusar ƙanƙara mai yawa. A sa rigunan sanyi."

Dattawa suka kalli juna. Can wani tsohon masunci ya sharce gumi ya ce, "Ɗana, wagga ƙanƙara ta kusa? Mu ɗauko kwanoni mu tara ma kihi."

Rumfa ta kece da dariya. Kawu bai yi ba, ya dai sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Ashe garin da masu hasashen yanayin suka sa a API ɗin don misali, can ƙasar Rasha, shi na bari ban canza ba.

Na gyara a ranar, shafin ya yi aiki lafiya lau, Kawu ma ya huce. Amma har yau in zai tayar da jirgi sai ya kira ni: "Mai Ƙanƙara, mu tahi ko mu jira ta narke?"

Tun daga nan ban ƙara ganin laifin ɗan aike ba, inda na tura shi can ya je. Kuma kafin in karanta wa mutane yanayi, nakan fara taɓa goshina in ji ko akwai gumi.