Ɗigon Ruwa a Sanƙon Lado

Ku matso ku gyara zama, kai ma na bakin ƙofa shigo daga ciki, yau daga nesa na ɗauko muku labarin. Birnin New York ne, unguwar Parkchester, can hawa na shida, cikin tsananin sanyin shekarar 1975.

A gidan Uwaisu, wani ma'aikacin ofishin jakadanci, an yi baƙo. Mahaifinsa ne, Lado Maƙeri, wanda ya shekara hamsin yana ƙirar fari a Kano, yana zuba mundaye yana liƙe butoci. An kawo shi aka cire masa yanar ido, likita ya naɗe idanun duka biyu da bandeji, ya ce sai Talata za a kwance, Juma'a kuma ya hau jirgi ya koma gida. Tsohon nan akwai wata jakar fata da ba ta barin ƙugunsa ko wanka za shi. A cikinta akwai ɗan awartaki, wanda ya gada wurin ubansa, uban ma gadonsa ya yi. To, ɗansa ɗaya tilo ya bi boko, babu magaji. Shi ya sa kullum aka zauna cin abinci sai ya ce kafin ya tafi zai ba mai gyaran famfon benen, ya riƙa cire ƙusa da shi.

Jikarsa Sauda, mai karatun aikin jinya, ta ƙudurta a ranta awartakin nan ba inda za shi. Wata uku ke nan tana zuwa wani aji a gefen Fordham Road, inda wata tsohuwa Ba'italiya ke koya wa mutane yanka gilashi mai launi, a naɗe gefensa da siririn jan ƙarfe, a haɗa da dalma. Yankan ta iya, naɗin ma ta iya. Liƙin ne ya ƙi ta ƙememe.

Ran Asabar da hantsi, iyayenta sun fita cefane, ta baje kayanta a teburin kicin, ta jona ƙarfen liƙi a wutar lantarki. Sai ga tsoho yana laluben bango.

"...lafiya lau, Angona. Ya idon?"

"Idon yana hutawa da muninki, amarya. Kwana biyar ban gan ki ba, har ƙiba na yi."

"Ai likita ya ja ni gefe, ya ce in an kwance kada a kuskura a ba ka madubi, aikin zai lalace."

"Ja'ira! Wa ya buɗe taga? So kike sanyi ya kashe ni ki ci gado?"

"Gadon me? Haƙori biyu da jakar da ɓera ya shinshina ya wuce? Hayaƙi nake fitarwa. Zauna, ga kujera a damanka."

Ya zauna, ya ɗaga hanci sama, ya ja iska.

"Wa ke azabtar da dalma a gidan nan? Tun daga ɗaki nake jin kukanta."

"Aikin hannu nake yi. Akwatin goro nake haɗa maka, don ka daina ɓoye shi a cikin safa."

"Miƙo in ji."

Ta ɗora masa a tafin hannu. Ɗan akwati ne, bango huɗu da gindi, kore da ruwan ɗorawa da shuɗi. Ya bi layin liƙin da babban yatsa, a hankali, yana taɓe baki.

"Subhanallahi. Ƙyanda ce ta kama shi? Waɗannan ƙurajen fa? Nan gefen kuma me kika zana, kujera?"

"Zakara ne."

"Allah ya jiƙan zakara."

"To, tunda bakinka bai tsufa ba, koya mini."

"Mace ba ta ƙira."

"A wace aya?"

"A ayar kakana."

Sauda ta san tsohonta. In aka roƙe shi, ƙara miƙe ƙafa yake yi. Sai ta saki ajiyar zuciya, ta ce, kamar da bango take magana:

"Shi ke nan. Dama Goggo Hasiya, ƙanwarka, ta gaya mini. Ta ce duk butar da ka liƙe, da gudu ake alwala kafin ruwan ya tsiyaye."

Tsoho ya zabura har hularsa ta karkace.

"Hasiya ce ta ce haka? Ni Lado? Butar da na liƙe wa limamin unguwarmu shekarar da aka yi fara, jaki ya taka ta, jakin ne ya yi wata guda yana ɗingishi! Har yau ana alwala da ita!"

"Ai ka ji. Ba mai shaida sai jaki."

"Ke, na sake ki!"

"Saki na tara ke nan tun zuwanka, kuma kullum kai ke biko in ka ji ƙamshin shayi. Kaka, mu yi ta a fili. In na liƙe akwatin nan ya riƙe ruwa, awartaki nawa ne."

"In ya yi yoyo fa?"

Ta kalli jakar da ke ƙugunsa.

"Ni da ƙafata zan sauka in kai wa mai famfo."

"Na ji, na yarda. Amma a maƙerarmu sai yaro ya shekara bakwai yana zuga kafin ya taɓa ƙarfe."

"Wutar nan daga bango take fitowa, ba ta da zugazugi."

"Wutar ragwaye ke nan. To sosa mini baya, kowane yatsa shekara guda."

Ta zagaya ta sosa.

"Biyar ke nan. Saura shekara biyu. Ƙasa kaɗan, wajen hagu. Yauwa! Kin gama bauta. Yanzu tofa wa ƙarfen yawu."

"A nan ba a tofa wa kayan aiki yawu. Soso ake jiƙawa."

"Soso ba ya magana. Tofa in ji."

Ta waiwaya kamar malamarta na laɓe a bayan firiji, sannan ta tofa. Ƙarfen ya ce cas! Tsoho ya karkata kunne.

"Zafi ya isa, ba nan cutar take ba. Bakinsa wane launi ne?"

"Baƙi."

"Kamar zuciyarki. Da wannan dattin kike so dalma ta bi ki? Ko ni ba na bin ki in ba ki wanke fuska ba."

Ya kwance bakin jaka, ya laluba, ya fito da wani farin dunƙule kamar gutsuren gishiri.

"Kanwa ka ƙetaro teku da ita?"

"Kanwar gidanku. Sinadari ne. Maƙeri ba ya tafiya ba shi. Mutumin filin jirgi ya juya shi ya juya, na ce Uwaisu ya gaya masa sabulun gemu ne. Goga bakin ƙarfen a kai, ki haɗa da 'yar dalma kaɗan. Kau da hancinki, dama ba wani hancin kirki ba ne."

Ta goga. Farin hayaƙi ya tashi ya bi taga. Da ta ɗaga ƙarfen sai ta ga bakinsa yana ƙyalli kamar sabon sule. Ta shafa wa layin ruwan maganin liƙi da malamarta ta ba ta, ta kafa ƙarfen, ta danna. Dalma ta narke ta zubo mata a yatsa.

"Wash!"

"Maƙeri ba ya cewa wash. Kin danna, ko? Na ji teburin ya yi ƙara. Ke in za ki sa kwalli, danna wa idon kike yi?"

"Ja nake yi."

"To ja shi. Daga kusurwa zuwa kusurwa, numfashi ɗaya. In kika tsaya a hanya, nan ƙurji zai fito."

Ta tsotsi yatsan, ta cika ƙirji da iska, ta ja. Jama'a, sai ga dalma ta biyo bakin ƙarfe lumui, ta kwanta siririya, santsi kamar an zana da alƙalami. Wata uku tana neman layin nan!

"Kaka! Ta bi!"

"Ni ta ji tsoro, ba ke ba. Saura bakwai. Rufe baki, surutu yana sa hannu rawa."

"Kai da ka shekara hamsin kana surutu a maƙera?"

"Ni nawa addu'a ce."

Ta bi tsofaffin layukan ɗaya bayan ɗaya tana narkar da ƙurajen. Gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da sanyin tagar. Shi kuwa yana zaune yana ƙirga mata laifi da kunne: nan ta yi gaggawa, nan ta numfasa, nan ta tuna wani saurayi. Da ta gama ta zare waya daga bango, ta bar akwatin ya huce.

Sai tsoho ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sanƙonsa ya bayyana, fes, yana ɗaukar hasken taga.

"Me kuma ya faru? Aski kake so? Ai ba abin da reza za ta samu."

"Haka ake yaye yaro a maƙerarmu. Maigida ya cire hula, yaro ya cika abin da ya liƙe da ruwa, ya riƙe a saman kansa. In ya yi yoyo, kunyar ta maigida ce, sandar kuma ta yaro."

"Likita ya ce kada ruwa ya kusanci idon nan."

"To ki tabbata kin liƙe da kyau."

Ta ɗauko tawul ta naɗa masa a goshi har ya rufe bandejin. Ta cika akwatin da ruwa, ta goge bayansa sarai, ta ɗaga shi a saman kansa da hannu biyu. Rana ta ratsa gilashin, sanƙon Lado ya koma kore da shuɗi.

"Har yaushe zan riƙe?"

"Sai na gama salati goma. Kuma yau a hankali nake jin yin su."

Ya fara. Na ɗaya, na biyu, na biyar, shiru. Hannunta ya soma sagewa. A na takwas sai idonta ya kai kusurwar da ke ƙarƙashin wutsiyar zakara. Wani ɗan ruwa ya taru, ya yi ciki, ya yi lilo. Ta riƙe numfashi. Ɗis! Ya sauka a tsakiyar sanƙo, ya zauna yana ƙyalli.

Tsoho ko gezau. Ya ƙarasa salatinsa, ya shafa gemu.

"Ƙaƙas! Ko ɗigo ban ji ba. Kin ci, amarya."

Ya sa hannu a jaka ya fito da awartakin. Ɗan ƙarami ne, baƙi, hannunsa ya sha riƙo har ya yi santsi. Ya miƙo shi saitin muryarta.

Sauda ta kalli awartaki, ta kalli ɗigon. Gidan ba kowa. Mai shi idonsa a naɗe, kuma da bakinsa ya ce bai ji ba. Hannunta har ya ɗan motsa. Sai ta juya ta zubar da ruwan, ta mayar da waya cikin bango.

"Mayar da kayanka jaka, tsoho. Ya ɗiga."

"Gumi ne."

"Tun ɗazu kake kukan sanyi zai kashe ka. Gumin daga ina?"

"Gumin tsufa. Ba ki san shi ba."

"Na san yoyo in na gan shi. Ba sadaka na zo karɓa ba. Kusurwa ɗaya ce, na ga inda take. In kuma ka ce damata ta wuce, ba ni in kai wa mai famfo, alkawari na yi."

Sai kafaɗun Lado suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, har haƙoran nan biyu suka fito gaisuwa.

"Kaka, ɗinkin idonka! Bari dariyar nan!"

"Bar ni in yi! Yara huɗu na yaye, duka butarsu ta ɗiga mini a ka. Kowanne na ce masa ban ji ba. Duka huɗun suka ce sun gode, suka miƙo hannu. Shi ya sa awartakin nan ya tsufa a jakata."

"Baba fa?"

"Ubanki? Shi ko ruwan bai tsaya zubawa ba, ya ji ƙararrawar makaranta ya arce."

Ya laluba teburin ya ajiye awartakin kusa da hannunta.

"Na ce ba na karɓa sai na gyara."

"Wa ya ce ba ki na yi? Riƙe kusurwar da shi, ko so kike ki ƙarasa gasa yatsun? Wa zai sosa mini baya?"

"Aro ne, to."

"Aro ne. Ki dawo mini da shi ranar da na cika shekara ɗari biyu."

Ta ɗauka. Ya zauna mata a hannu daram, kamar don ita aka ƙera shi. Ta kama kusurwar, ta goga bakin ƙarfe a sinadari, ta ja numfashi, ta ja layi. Aka sake cika ruwa, aka sake ɗagawa. Wannan karon salati ashirin ya yi, don mugunta. Sanƙo ya tashi a bushe.

"Ka ce mace ba ta ƙira fa, Angona."

"Har yanzu ina kan bakana. Wa ya ce ke mace ce? Ke masifa ce. Rufe tagar nan ki ɗora shayi, na mayar da ke ɗakinki."

Ran Talata da aka kwance bandeji, aka ce abin da ya fara nema a miƙo masa shi ne akwatin. Ya ɗaga shi a rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce liƙin ba laifi, amma zakaran nan har gobe kujera ne.

To ku da kuke zaune nan, ku gaya mini tsakaninku da Allah: da ku ne kuka ga ɗigon nan ku kaɗai, ga awartaki an miƙo, da hannu za ku miƙa, ko ƙarfe za ku mayar wuta?