Ranar da Rake Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya gaban dattawan Faskari, karan rake a hannuna, wai ina koyar da Turanci.

'Yan kasuwar hatsi ne masu kai masara Kudu suka roƙe ni in riƙa yi musu darasi bayan la'asar a wani ajin firamare, don sun gaji da a yi ciniki a kansu suna kallo. Ban ja rai ba. Na yi zaman Kumasi, na yi na Khartoum, na ɗan taɓa Abidjan, kuma (Allah ya yafe mini) ina son a san haka.

Abu ɗaya ne ba na so a sani. Haƙorana na sama ba nawa ba ne, na roba ne da aka yi mini a Khartoum. Duk gari ana mamakin tsoho mai haƙoran saurayi, ni kuwa sai in ce ai albarkar asuwaki ce. Ban da mai ɗakina, babu wanda ya san gaskiya.

Darasin ranar shi ne yadda Bature yake faɗin abin da ke gab da faruwa. Na ce mu muna cewa "yanzu zan tashi", Balarabe da Bafaranshe kowa da tasa dabarar (na kawo su, ko da ba wanda ya tambaya), Bature kuwa sai ya ce "I am about to", ya ɗora aikin a kai.

Alhaji Sale, taubashina, yana layin gaba, gwiwoyinsa sun ƙi shiga bencin yara. Ya ɗaga hannu.

"Malam, to ina in sha Allahun take shiga?"

"Nan ba ta shiga," na ce. "Abin da ya rage ƙiftawar ido ya faru ake nufi."

"Ko tsakanin hannu da baki akwai tafiya, Malam."

"Kai da Turancinka bai wuce tambayar farashi ba, zauna ka ga aiki."

Na ɗauki raken da wani ɗalibi ya kawo mini tsaraba daga Daudawa. Na ɗaga shi sama, na ce da ƙarfi, "I am about to bite this sugarcane!" Suka maimaita. Na kafa masa haƙora kamar yadda nake yi ina yaro, na fizge don in ɓare bawon.

Bawon bai taso ba. Haƙoran ne suka tafi.

Ga ni tsaye, leɓena na sama ya faɗa ciki, ga haƙorana can a jikin rake, jere ras, suna yi wa aji murmushi ba tare da ni ba. Na buɗe baki in yi bayani, iska kawai ta fito.

Alhaji Sale ya gyara hula, ya ce a natse, "Malam, shi kuma wanga abu mi sunanshi da Turanci?"

Wani dattijo har da sulalewa ƙasa don dariya. Na ɗauki buta, na juya baya, na ɗauraye kayana na mayar, na ce an tashi. Kafin sallar isha labari ya kai har garin Sabuwa.

Na zaci ajin ya mutu ke nan. Washegari sai da aka ƙaro benci. Bayan darasi kuma tsofaffi biyu suka ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, suna tambayar ko irin nawa suna tauna nama.

Har yau ina koyar da darasin nan, amma da gyaran da babu shi a littafin Bature: duk kusancin abu, a sa masa in sha Allahu. Rake kuwa sai an yanka mini ƙanana.